Ki Matso da Kayan Aikinki Kusa da Hannunki

Kwanar Dangora,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina yi miki sallama a takarda alhali kina cikin gida kina ɗaure kaya, tsakanina da ke bai fi taku hamsin ba. Kada ki yi mini dariya. Na san sai kin sauka gidan gwaggonki Asabe a Kano za ki tsinci wannan a ƙasan jakarki, saboda haka ina yi miki sannu da gajiyar hanya tun yanzu. Allah Ya sa kin isa lafiya, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa kin tarar da mutanen gidan ƙalau. Uwata, tunda sunan mahaifiyata kika ci, bakina bai saba kiran ki da wani suna ba, alƙalamina ma haka.

Tun ranar Asabar da na raka ki shagon buga kati na Alhaji Sabo a Kano kaina bai zauna daidai ba. Shekara ashirin da shida ina rubuta allunan shaguna ina zana bayan motoci a wannan kwana, na ɗauka babu sauran abin da za a nuna mini a harkar zane. Sai ga ni tsaye a bayanki baki buɗe. Kin taɓa wani wuri, harafi ya kumbura. Kin taɓa wani, ja ya koma shuɗi ba ki wanke buroshi ba. Har sunkuyawa na yi na leƙa ƙarƙashin teburin ina neman inda fentin yake, Allah Ya rufa mini asiri ba wanda ya lura sai ke.

Kwamfutar ban gane ta ba, amma maganar Alhaji na gane ta sarai. Cewa ya yi, "Malam Idi, yarinyar nan idonta yana da kyau, sai dai akwai nawa. Katin biki ɗaya ya cinye mana rabin safiya. Zan ba ta wata guda. In hannunta bai saki ba, akwai mai jiran kujerar." Na san yadda kika sha wahalar koyon abin nan, na kuma san in kika rasa wannan kujera ba a samun irinta a Kiru ko Bebeji. Gida za ki dawo da ilimin da babu inda za ki taɓa shi.

A mota muna dawowa kika ce mini, "Baba, ba zanen ne ke cin lokacin ba, neman kayan aikin ne. Wanda ya bar kujerar ya warwatsa su a gilashin kwamfutar yadda ya ga dama. Ana iya jan su a ajiye inda ake so, ana iya ɓoye wasu, amma ina tsoron in taɓa a ce na lalata musu na'ura." Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Wallahi ban fahimta ba. Ta yaya ake jan abin da ba shi da mariƙi? In an ɓoye shi, ina ya shiga, tunda gilashin ba shi da aljihu? In wuta ta ɗauke, kayan suna nan zaune cikin duhu suna jira, ko sai an sake kwaso su? Kwana huɗu ina juya waɗannan tambayoyi, jiya har na zuba kananzir a gwangwanin da ba nasa ba. Daga ƙarshe na ce to, ban san gilashi ba, amma na san tebur. Bari in faɗa miki kurakuran da na tafka a kan nawa, ke ki zaɓi wanda ya shige ki.

A Tudun Wada na koyi aiki, wajen marigayi Malam Haruna, dogon mutum wanda sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa. Da ya rasu, iyalinsa suka ba ni teburinsa da kantarsa, na kwaso su nan na kafa su tamkar yadda suke a can. Farin fenti a saman kanta, domin nan yake ajiye shi. Rula a rataye can kusa da rufin rumfa. Ke kin san tsawon ubanki, ba sai na yi wa kaina tonon silili ba. Sai na samo wani guntun turmi na kife shi, duk sanda nake son fari in taka in ɗauko. Farin fenti kuwa shi ne abin da mai rubutun allo yake taɓawa fiye da komai. Shekara bakwai ina hawa turmi ina sauka. Wata rana innarki ta kawo mini fura, ta tsaya tana kallona, na hau sau uku kafin ta gama damawa. Ta ce, "Malam, wai wa ya ce dole farin nan ya zauna a sama?" Na buɗe baki zan ce haka ake yi, sai na ga babu wanda ya taɓa cewa haka ake yi. Haushi ya kama ni, na ce ta bar mini sana'ata ta je ta ji da tukunyarta. Da ta tafi na sauko da shi.

To ke ma ki sani, tsarin da kika tarar a gilashin nan tsarin hannun wani ne, da tsawonsa da ɗabi'arsa. Kada ki girmama shi kamar wasiyya. Kwana biyu na farko ki ajiye 'yar takarda kusa da ke, duk abin da hannunki ya nema ki ja masa layi. Za ki ga ba su fi biyar ko shida ba waɗanda kike komawa kansu kullum: na rubutu, na jan layi, na zuba launi, da wancan da kika ce yana matso da zane kusa da ido. Su za ki tattaro wuri ɗaya inda hannu zai same su ko ido bai duba ba. Kin kuma ce akwai waɗanda ake kira da danna maɓalli biyu kawai ba sai an je nemansu ba. Ban ga yadda maɓalli zai san abin da ke ranki ba, amma in gaskiya ne, ki haddace su kamar yadda kika haddace hanyar gidanku.

Sai dai ki ji abin da ya biyo baya, domin ubanki ba ya yin abu kaɗan. Da na ɗanɗana daɗin kaya a kusa, sai na ce ai komai ma ya sauko. Na jera duk gwangwanayen da na mallaka a kan tebur, har da wani ruwan zinare da rabona da shi tun bikin ƙanena. Buroshi goma sha, kwalayen haruffa, igiya, alli, wuƙa, duk a gabana, ina jin kaina babban ma'aikaci. Ranar aka kawo mini allon wani kantin magani daga Bebeji. Na nemi inda zan kwantar da shi na rasa, na ɗora rabinsa a tebur rabinsa a cinyata. Ina cikin harafi na huɗu gwiwar hannuna ta ture baƙin fenti, ya malale allon ya gangaro cikin aljihun rigata. Mai kantin yana tsaye. Ya dai tambaye ni ko akwai wani mai rubutu a gaba.

Na ga irin wannan a gilashin shagon Alhaji. Akwatuna sun cika gefe da gefe, sama da ƙasa, katin da kike zanawa ya maƙale a tsakiya bai fi tafin hannu ba, kina ta leƙensa. Abin da ake aiki a kansa shi ya kamata ya ci wuri mafi girma. Duk akwatin da kika yi kwana biyu ba ki taɓa ba, ki rufe shi. Kin rantse mini cewa rufewa ba ɓacewa ba ce, na yarda da ke, ko da yake zuciyata ba ta kwanta ba.

Yanzu ga inda na fara rikicewa, domin kuskure na uku yana neman ƙaryata na farko. Ba za ki tuna Isuhu ba, kina goye lokacin. Rumfa ɗaya muke aiki da shi, tebur ɗaya, gwangwani ɗaya. Ni na fi shi haruffa, shi ya fi ni tsuntsaye da itatuwa nesa ba kusa ba. Gwangwanayenmu duk takardunsu sun ɓare, jikinsu ya dabbare, sai ka buɗe ka ga launin. Isuhu yana da wata al'ada da ke ba ni haushi: ja kullum a ƙarshen dama, kore kullum a ƙarshen hagu, in ka gusar da ɗaya ko da kamu guda ne sai ya mayar. Na ɗauka tsabar iyayi ne. Wata Litinin da safe na share rumfa, na sake jera kayan yadda suka yi mini, kore ya koma dama, ja ya koma hagu, ban gaya masa ba, na hau babur na tafi Kiru kafa allo.

Ranar wani mai motar katako daga Doguwa, mai ɗaukar masara, ya kawo ta a zana masa bishiyar mangwaro da jan zakara a ƙarƙashinta. Na dawo bayan azahar na tarar da direbobi sun cika bakin rumfa, wasu har da riƙe ciki. Bishiya jawur, zakara kore shar. Zanen kuwa ya yi kyau, gashin wuyan zakaran kamar ka shafa. Isuhu yana tsaye da buroshi yana duban fuskokinsu, bai san abin da ake yi wa dariya ba. Ashe idonsa ba ya raba ja da kore, haka aka haife shi, bai taɓa gaya wa kowa ba. Da wurin zaman gwangwani yake gane su. Daga ranar sunansa ya koma Mai Koren Zakara, tun daga nan har tashar Tudun Wada. Bai cika wata biyu ba ya tattara ya koma noma can wajen Falgore. Na bi shi na ba shi haƙuri, ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini nono. Da zan tafi ya ce, "Idi, shekara tara ina rufa wa kaina asiri da jerin gwangwani, ka tone shi da shara ɗaya. Da ka dai tambaye ni." Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Kin ce akwai wani Malam Bala da ke karɓar kujerar bayan azahar. Ba ki san abin da hannunsa ya dogara da shi ba, ba ki san abin da yake rufewa ba. To ga shi ɗazu na ce ki canza, yanzu ina cewa kada ki taɓa. Na karanta abin da na rubuta sau biyu, ni kaina ban san wanne zan bi ba da ni ne ke. Abin da na iya tsamowa shi ne wannan: ki fara gaishe shi, ki gaya masa abin da kike son yi, a gaban Alhaji in da hali. Kin ce ana iya adana tsari da sunan mutum, naki daban nasa daban, kowa ya kira nasa in ya zauna. Tebur ɗaya ya zama biyu ba a kira kafinta ba, wannan ya fi ƙarfin kaina. Amma in haka ne, ki adana nasa tukuna kafin ki gusar da ko tsinke, kuma kullum za ki tashi ki mayar masa da abinsa yadda kika same shi. In kuma ba haka ba ne, na ji ki ba daidai ba, to ki zana tsarinsa a takarda ki riƙa mayarwa da hannu.

Batun launi kuma gajere ne. Na taɓa haɗa wani shuɗi mai kyau don allon wata makaranta, ban auna ba, ban rubuta ba, ya ƙare a tsakiyar aiki. Na haɗa wani, ya ƙi zama ɗan'uwansa. Allon nan ya yi shekaru a bakin titi, sama launi ɗaya ƙasa launi ɗaya, duk sanda zan wuce sai in kau da kai. In kin dace da launin da mai kati ya so, ki ajiye shi a jerin launukanki da sunan da za ki gane. Aikin ma ki riƙa kwafe shi a ɗan faifan kwamfutar nan mai kusurwa huɗu tun kafin wuta ta yi halinta.

Uwata, na cika takarda uku ina ta kewaye-kewaye. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni sukuni ba.

Ranar Asabar, sanda Alhaji yake magana, ni ba gilashin nake kallo ba. Hannuwanki nake kallo. Na dama yana riƙe da abin nan mai wutsiya da kuke kira mawus, yana tafiya a ɗarare, ya wuce wuri ya dawo, ya sake wucewa. Na hagu yana kan cinyarki ƙarƙashin mayafi, yatsunsa suna motsi, suna zana abin da na daman yake fama ya zana. Shi har ya gama, na daman bai kai rabi ba. Ban sani ba ko ke kin san yana yi.

Kina da shekara shida kika zauna a ƙofar rumfar nan da guntun alli da ɓallin katako, kika zana zabuwa. Ban koya miki ba. Zabuwa ce sosai, da ɗige-ɗigenta da ɗan ƙahonta, har da yadda take karkata kai. Da hagu kika zana ta. Na ɗauko katakon ina shirin nuna wa mutane, sai wani direba da ke jiran aikinsa ya ce, "Af, Malam Idi, ashe bahaguwa ka haifa? Wa zai ci tuwon wannan?" Aka yi dariya. Mutum huɗu ne kacal a wurin, biyu ma ban san sunansu ba. Saboda dariyar mutum huɗu na shiga gida na ɗauki ɗankwalin innarki na ɗaure miki hannun hagu a ƙugu. Kwana nawa na yi ina haka, ban iya tunawa, ko kuma ba na son tunawa. Bayan na daina ɗaurewa sai rula, duk sanda alli ya koma hagu in sauke miki ita a bayan yatsu. Innarki ta ce, "Malam, abinci dai da dama take ci, gaisuwa da dama take yi, me ya rage kuma?" Na ce ba a tambaye ta ba. Kika daina zane ɗungurungum har kusan shekara biyu. Da kika shiga firamare malamai suka riƙa aiko mini cewa kina da ƙoƙari amma ba kya gama kwafe allo kafin a goge. Ni kuma in yi miki faɗa a kan nawa.

Abin da ya fi muni ban taɓa gaya wa kowa ba. Kina aji biyar na je Yako gaisuwar rasuwa, na keɓe da limamin garin, tsohon da ya karantar da ni, na tambaye shi. Ya ce ci da sha da miƙa abu da karɓa, waɗannan a koya wa yaro da dama. Amma sana'ar hannu, ya ce, wanda Allah Ya saukaƙa wa hagu ya yi da hagu, babu laifi a ciki. Har ya tambaye ni, "Wani ne ya ce maka akwai?" Na dawo gida da wannan amsa a cikina na haɗiye ta. Na ce ai kin riga kin saba, tayar da maganar ba shi da amfani. Ƙarya nake yi wa kaina. Girman kai ne, ba na son in tsaya gaban 'yar cikina da uwarta in ce na yi kuskure.

Shi ya sa a mota na tambaye ki ko dole mawus ɗin nan ya zauna a dama. Kika ce, "A'a Baba, ana mayar da shi hagu, har maɓallansa ana juyawa." Daga nan kika juya kina kallon gonaki har muka sauka. Ashe kin sani tuntuni. Duk watannin da kika yi kina koyo kin sani, ba ki taɓa gusar da shi ba, alhali ina nan Kwanar Dangora ba na ganin ki.

To ki mayar da shi hagu. Ni ubanki na ce. Akwatin kayan aikin ma ki ja shi ɓangaren da hannun zai fi jin daɗi, ke kika san wanne ne. In wayar mawus ɗin ba ta kai ba ki roƙi a juya teburin. In azahar ta yi ki mayar wa Malam Bala abinsa dama. In wani ya yi dariya, ki bar shi ya yi ya gama, na ga abin da tsoron dariya yake jawowa. In Alhaji ya tambaya, ki ce masa ya ba ki mako guda ya gani, kuma ki ce da izinin mahaifinki.

Ban san ko zai yi ba, kada in yaudare ki. Shekara goma sha huɗu hannun nan yana zaune. Wataƙila ya manta, wataƙila kwana ukun farko nawarki ta fi ta da, ga wata guda ba yawa gare shi ba. Wataƙila na ɓata na hagun ban gyara na daman ba, na bar ki a tsakiya. Wannan tunanin ne yake sa in ajiye buroshi. Amma abin da na gani a kan cinyarki ranar Asabar bai yi mini kama da hannun da ya manta ba. In kin gwada ya ƙi, laifin ba naki ba ne, ki dawo gida kanki a sama, ni zan yi wa innarki bayani.

Ki yafe mini, Uwata. Da baki ya kamata in faɗa, na zo ƙofar ɗakinku sau biyu yau na koma da cewa ina neman almakashi.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki yi wa gwaggonki biyayya, ki taya ta aikin gida, kada ki bari kwamfuta ta sa ki ɗaga hanci. Ki kula da tsallaka titin Kano, ba irin namu ba ne. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare damanki da hagunki, Ya sa albarka a abin da za ki taɓa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo mana da ke lafiya duk ranar da za ki zo.

In kin samu sarari ki ba direban Tudun Wada amsa ya sauke mini a rumfa. Ki rubuta da hannun da kika ga dama. Ko ya karkace, ko ya fito kamar na 'yar shekara shida, zan zauna in karanta shi.

Mahaifinki,
Idi